Allurar da Ke Gindin Randar Inna

Zuwa ga Yayana Ikrima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Alƙahira, Allah ya ƙara maka buɗi a karatunka. Mu nan Fagam da sauƙi, gero ya yi kyau bana, sai dai babu mai annashuwar kallonsa.

Allurar 'yar'uwarmu Batulu da ka aiko ta iso, amma Yaya, ba ta shiga jikinta ba. Likita a Birnin Kudu ya ce ita ce mai bin ƙwayar ciwon dajin kaluluwa kaɗai ta ƙyale lafiyayyen jini, kuma ko a Kano sai an sha wuya ake ganinta. Motar Alhaji Salihu da ya ɗauko ta ce ta lalace a Sara, kafin ya ƙaraso ƙanƙarar cikin kula ta zama ruwa. Ga shi babu wuta, ranar asibiti kuma da saura. Da Inna ta ji an ce sanyi take so, sai ta naɗe kwalbar a tsumma ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, inda take ajiye goronta. Ta ce wurin bai taɓa ba ta kunya ba. Mu ma duk muka yarda, rashin sani ya fi dare duhu.

Da muka kai, likita ya tambayi inda ta kwana, muka gaya masa, sai ya ce ta lalace, ba zai sa wa mutum ita ba. Batulu ta roƙe ni kada Inna ta ji dalili, sai muka ce mata an ɗaga ranar ne. Inna ta karɓi kwalbar ta mayar cikin yashi.

Tsoro nake ji, Yaya. Kumburin wuyan ya koma daidai inda na marigayi Baba ya tsaya, muryarta ma ta dishe irin tasa. Jiya da hantsi ta kira ni daga ɗaki, wallahi na amsa da na'am Baba kafin in tuna. Don Allah in da halin wata, ka aiko ta hannun Sista Juliana, ma'aikaciyar jinyar da ke duba ta, ta ce za ta sa a firjin asibiti. Kada ka jira ƙarshen zangon karatu.

Dada da Bappa Manu suna gaishe ka, ka gaida Iliyasu abokin zamanka. Inna ta ce in gaya maka ka kwantar da hankalinka, maganinka na nan da sanyinsa, kullum da safe sai ta yayyafa masa ruwa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Ummussalma