Tulunki a Gangar Istifanus

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya maigida da yara? Muna lafiya.

Ina sanar da ke cewa kunnena na hagu ya yi ritaya. Ranar Asabar na je wasan kiɗan Turawa mai ƙara da ake kira metal na su ɗanki Istifanus a nan Kafanchan, don in janyo shi gida yadda kika ce. Jita na kururuwa, mawaƙin na gurnani kamar janareta.

Sai na saurari gangar Istifanus. Ashe kiɗan tulun nan ne da kike bugawa a zumuntar mata ta coci, gudu kawai ya ƙara masa. Da aka tashi ya ce, "Kawu, ka gane na Mama?"

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. A da na ce miki Istifanus ya manta gida. Ban yi daidai ba.

Ƙaninki,
Yohanna