Gefen Kaset da Na Bari

Kadis, Sifen, 1977

Ƙanena Hambali,

Salamu alaikum. Yaya jikin Inna? Yaya mutanen Basirka? Ni lafiya lau, yanzu ni ne shugaban masu lodi a tashar jirgin ruwa. Sanyi dai na tsattsaga hannu, amma ba komai.

Ga kaset na naɗo maka: filamanko, kiɗan jitar mutanen nan, haɗe da jaz da gogen Turawa. Manya masu kwat ke zama tsit suna sauraro. Ni kuwa garayarka kawai nake ji, wadda na fasa wai kana zubar mana da mutunci. Ranar ban ci abinci ba.

Ka san ban iya ba da haƙuri ba. Ɗaya gefen kaset ɗin babu komai. Haɗa sabuwar garaya, ka cika min shi.

Yayanka,
Iliyasu