Pon ɗin da na yi wa sadaka

Gaya, Lahadi, cikin watan Sha'aban

Zuwa ga ɗiyata Zeinabu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Yamai? Yaya kunnen ƙaramar, ya daina ruwa? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Madam Kadija mai koya mana karatun manya ta ce hannuna ya faɗa, sai dai har yanzu ina danna biro kamar mai dashen shinkafa. Na zaɓi takarda don in na yi miki saƙon murya duk gidan nan ji suke yi. Direban da zai kawo miki ƙullin shinkafa shi zai ba ki wannan.

Maganar yayanki ce. Kin san tun da ƙafafun baya na motar babanku suka saki a hanyar Kamba, tana nan tsakar gida bisa duwatsu. Motar nan da ake ce wa kat-san-kat ta girmi yayanki, babanku ma, Allah ya jiƙansa, tsohuwa ya saye ta. Kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Shi kuwa kullum safiya sai ya goge ta da tsumma kamar amarya, ƴaƴansa na tafiya makarantar lakwal ba wanka.

Yanzu ba abin da ake ji a gidan sai pon. Pon da safe, pon da marece. Hawwa matarsa ta ce mini in pon ya samu, mota ta tashi, wahala ta ƙare. Na yarda da ita, don tun da sojoji suka karɓi mulki aka toshe pon ɗin Malanbil, gadar nan ta kan iyaka, da kwantena, garin nan ya koma kamar gidan makoki. Tasha ba kowa, masu sayar da tuwo sun kwashe tukwanensu. In an buɗe gadar ai ƙarfen gyara zai shigo da arha. Ina jin ƴan tasha ne suke haɗa kuɗin da za a buɗe ta, wani Seyni da ke Kotonu yana karɓa yana shige da fice.

Na ba da tumakina a zuba cikin kuɗin pon. Jiya Hawwa ta sake shigowa ɗakina kanta a sunkuye, wai kuɗin pon ya ƙaru, wai yayanki na roƙo in yarda a ba Alhaji Alfari mai sayen shinkafa jinginar gonata ta Tanda, kafin ruwan fari a fanso ta. Zeinabu, gonar nan ce kaɗai abin da ubana ya bar mini, da ita na yi miki kayan ɗaki. Bakina ya ce to, cikina bai ce ba. Kin san ba na iya tsare shi da tambaya. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Ranar da Madam ta ce kowace ta rubuta sunayen ƴaƴanta, da naki na fara, na bar layin sama ba komai.

Ke da kike iya masa, ki kira shi ki ji mini yaushe za a buɗe. Ina gaida maigidanki, ki shafa mini kan yara.

Taki,
Innarki Ajuma

Gaya, Talata, bayan ƙaramar Salla

Ɗiyata Zeinabu,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da shan ruwa da barka da Salla. Atamfar ta iso, Allah ya yi albarka. Ina fata azumin bai wahalar da ke ba da goyon nan.

Kin ce kin kira yayanki ya ce miki komai na tafiya daidai. To ba sai kin sake kira ba, na ji da kunnena, kuma a gaban mutane na ji.

Duk azumin nan kowace Juma'a sai na toya masa na kai ƙofar masallaci, sadakar Allah ya buɗe pon. Ranar Asabar a aji na faɗa wa mata cewa ni ma da hannuna a aikin gada, har gona na jinginar. Tani, wadda mijinta ke da garaji bayan tasha, ta dube ni ta ce, “Inna Ajuma, wane pon?” Na ce pon nawa ne a Gaya? Ta yi dariya har kallabinta ya faɗi, Madam tana buga tebur. Ashe pon ɗin yayanki ba gada ba ne. Wani dogon ƙarfe ne da ke riƙe ƙafafun baya na mota, masu gyara da Faransanci haka suke kiransa. Wata guda duk Juma'a ina toya masa don ƙarfe.

Na koma gida na sa Hawwa ta nuna mini hotonsa a salula. Abu ne baƙi, dogo, tsakiyarsa a kumbure kamar mesa ta haɗiye ɗan akuya. Daga juji aka ciro shi can Faransa, don an daina ƙera irinsa tun ba a haife ki ba. Wai can tsofaffin masu kuɗi ke ajiye irin motar nan don ado, su fito da ita ranar Lahadi su zaga gari su mayar. Mu kuwa da ita muke neman tuwo.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya, ƙarfen kansa kuɗin tunkiya ɗaya ne. Duk sauran kuɗin ɗauko shi ne. Ba ya shiga kwali, ba ya lanƙwasuwa, sai a auna nauyinsa a biya, a auna tsawonsa a sake biya. Jirgin ruwa ya ci nasa, ya ce mai ya yi tsada. Ya sauka Kotonu ya tarar da iyaka a rufe, yanzu yana kwance a wani sito ana biya masa kuɗin kwana kamar baƙo a otel. Ni da na haifi mai shi ban taɓa kwana a otel ba. Seyni ya ce a bi da shi ta Lome da Burkina cikin ayarin da sojoji ke rakawa, aka aika kuɗin, sai ya ce masu kamyo, manyan motocin kaya, sun ninka, gara a jira. Duk lokacin da salular yayanki ta yi ƙara, sai in san kuɗi sun ƙaru, don Seyni bai taɓa kira ya ce an rage ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na aika Hawwa ta ce masa a bar ƙarfen nan inda yake, a mayar wa Alhaji Alfari abin da ya saura, a roƙe shi. Ta dawo ta ce ya ce an riga an yi nisa, wanda ya kai tsakiyar gulbi komawa da ƙetarewa duk ɗaya ne. Ya wuce ni a zaure ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango kamar yadda na saba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da marece.

Ki taya ni da addu'a, amma ki faɗi sunan abin da kike roƙo sosai, kada ki yi irin tawa.

Innarki Ajuma

Gaya, Alhamis, bayan Sallar Layya

Zeinabu,

Sallama da fatan alheri. Na ji kin yi zazzaɓi, yaya jikin? Ki riƙa kwana cikin gidan sauro, ke da yara.

Baƙon ya iso. Da ya gaji da otel, a bayan motar doya aka kawo shi Malanbil, ya kwana biyu a bakin ruwa don masu jirgi sun ce zai huda musu jirgi. Wanda ya yarda ya ce kuɗin mutum shida zai karɓa, tunda wurin mutum shida zai tare. Hawwa ta sayar da keken ɗinkinta.

Na ce sai na ga abin da ya cinye ni, na yafa mayafi na bi mata masu ɗaukar kaya zuwa bakin gulbi. Ba ki ga yadda wurin ya koma ba. Gada tana can sama a toshe, ƙarƙashinta jirage kamar ƙudaje a kan miki, kowa da hannu a miƙe. Mai turo jirgi a ba shi, mai riƙe igiya a ba shi, wanda ya ce a matsa ma a ba shi.

Sai ga jirginsu. An naɗe ƙarfen cikin fararen buhuna an ɗaure da igiya kai da ƙafa, maza huɗu suka saɓa shi a kafaɗa suka taka ruwa a hankali, yayanki na biye da su idonsa ja don rashin barci. Mutanen bakin ruwa suka dare suka ba su hanya. Wani tsoho mai sayar da goro ya miƙe ya cire hularsa yana salati, mata suka ja baya suna inna lillahi. Wata mata cikin Dandawa ta kama hannuna ta ce, “Sannu baiwar Allah, naku ne? Can ya rasu?” Na ce mata namu ne, kuma ya daɗe da rasuwa.

Da aka kwance shi a tsakar gida, wani baƙin mai ya tsiyayo daga cikinsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kwana uku ban iya cin abinci a waje ba. Yayanki kuwa ya tsuguna yana shafa shi yana murmushi, har maƙwabta ya kira su gani. Ban ga ya yi wa ɗansa na fari wannan murna ba.

Ruwan fari ya sauka tun kafin Layya. Na aika a tuna wa Alhaji Alfari maganarmu, ya aiko da gaisuwa mai kyau, ya ce shi ba ya son gonar kowa, a kawo masa abinsa yau ya fita yau. Ba mu da abin kaiwa. Ƙanena ya zo daga Tanda ya ce mini an riga an yi dashe, kuma shinkafar ta kama da kyau. Ya faɗa ne don in ji daɗi.

Irin da na ajiye a rumbu na fara dafa wa jikoki.

Ina gaida kowa da kowa.

Innarki Ajuma

Gaya, Litinin, cikin kaka

Ɗiyata Zeinabu,

Ina yi miki sallama, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara. Kin ce na daɗe ban rubuto ba. Lafiyata ƙalau, biro ne na rasa abin da zan ce masa. Bana direba ba zai kawo miki ƙullin shinkafa ba, takardar ce kaɗai.

Motar ta tashi. Mijin Tani ya ɗaura mata ƙarfen, ya ce ya yi daidai kamar don ita aka ƙera shi. Tana hayaƙi tana tari, amma tana tafiya. Gadar gaskiya tana nan a toshe yadda kika bar ta. Yayanki yana ɗaukar kaya daga bakin gulbi zuwa kasuwa, abin da ya samu mai ya cinye rabi, sauran kuma Seyni yana nan yana kira, wai akwai ragowar kuɗin sito da aka manta. Maganar fansar gona in Hawwa ta tayar sai ya ce mata baɗi.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune ƙofar gida ina tsince tsakuwa daga shinkafar kanti, wadda ake kawowa daga wata ƙasa, mai warin buhu. Na ji ƙahon motar babanku tun daga kwanar masallaci, na san muryarta ko cikin dubu. Ta taho a hankali, bayanta ya lotsa da kaya har sama. Buhunan shinkafa ne, da sunan Alhaji Alfari a jikinsu da shuɗin fenti. Da can da na ga zane kawai, yanzu na iya karantawa. Wani buhu ya ɓule yana zuba a hanya. Na tashi na dumtsa a hannuna. Jar shinkafa ce mai gajeren ƙwaya, ta kwarin da ke bayan tsamiyar ubana. Ba wanda zai koya mini ita.

Alhaji ne ya yi hayar motar ta kwaso masa girbin Tanda. Ya ce da ya ba bare gara ya ba na gida. Yayanki ya tsaya daidai ƙofa ya leƙo ta taga fuskarsa fal murna, ya ce wa Hawwa, don in ji, “Ki faɗa wa Inna pon ya riƙe. Buhu ashirin, ko gezau.” Ya sake danna ƙaho ya wuce. Kajin da ya kora daga ƙarƙashin motar suka bi shi a baya suna tsattsage abin da ya zube.

Tun da na haife shi nake kau da kai in ya shigo, ina aika masa magana ta bakin wasu, ana yaba mini kunya. Kunyar nan ce ta hana ni tambayar kalma ɗaya tun cikin Sha'aban. Na gaji da ita.

Ki faɗa wa Cha'ibu ina son ganinsa a ɗakina ranar Juma'a bayan masallaci, shi kaɗai, ba Hawwa a tsakani, ya zo da makullin motar. Ko ya kawo mini gonata kafin ruwan baɗi, ko in kira mijin Tani ya kwance ƙarfen nan a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a kilo.

Kin ga na rubuta sunan. Harafi shida ne da ɗan ƙugiya a tsakiya, ban san bai fi haka wuya ba.

Allah ya yi muku albarka, ya bar zumunci.

Ni ce innarki,
Ajuma