Abin da Babanku Ya Kulle a Shafi

Auta,

Ki ajiye duk abin da ke hannunki ki saurare ni yanzu-yanzu, ko a wurin aiki kike. Gaisuwar ma a tsaye zan yi ta: ya gida, ya maigidan naki, ya yaran, ya ƙafar ƙaramin da kika ce ta kumbura? Mu nan da sauƙi. Maƙwabciyata tela ce ke rubuta mini, daga kan keken ɗinki na taso ta. Za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki, don a waya kuka ke cinye mini magana.

Jiya wata mata mai gilashi ta zo. Ita ce babanku, Allah ya jiƙansa, ya ba kwangilar gina masa shafin intanet, wanda mutane ke ganin kujerunsa a waya su yi oda. Ni dai 'yar kwamfuta nake ce mata. Ta yi mini gaisuwar rashi, ta sha ruwa, sai ta zaro takardar yarjejeniyarsu. Ina ganin takarda na ɗauka shagon za a karɓe.

Ta ce a'a, Inna, duk abin da ke cikin shafin na marigayi ne, haka aka rubuta, su gini kawai suka yi. Na ce to madalla, ni ce matarsa, a ba ni. Ta ce ba ta isa ba. Wai akwai wurin da ake rubuta wanda za a miƙa wa makulli, kalmar sirri suke ce masa, in mai abu ba ya nan. Mutum ɗaya ne, kuma sai ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Auta, sunan yayanki ne a wurin.

Ga wanda ya hana ni cin abinci. Yarjejeniyar ƙarshen watan nan take ƙarewa. In wanda aka rubuta bai zo ba, su goge komai, kada su bar kwafi ko ɗaya. Na ce wane mara imani ne ya sa wannan sharaɗi? Ta sunkuyar da kai ta ce marigayin ne da kansa. Su a tsarinsu ajiyewa suke yi, shi ya ƙi sa hannu sai da aka cire nasu aka sa nasa.

Ban yi musu ba, na san mijina. Mutumin da in ya gama kujera sai ya tattara kwalayen da ya yanka na awo ya cinna musu ashana a bayan shago, don kada wani ya kwaikwaya. Kin tuna ai. Kan kwalayen nan suka ɓata da yayanki, da ya zana su a ɓoye ya je ya buɗe nasa shagon yana yin kujerar nan mai lilo da ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Babanku ya ce masa ɓarawo a gaban masu saye. Tun ranar ba su ƙara zama inuwa ɗaya ba.

Ba hotunan kujeru ne suka dame ni ba. Akwai wani ɗaki a cikin shafin da yake kulle. Da ciwo ya fara cinsa, kullum sai ya shiga shago ya jingine waya a jikin gwangwanin gam, yana aiki yana magana. In ya gama ya tura can, ya goge na wayar. Muryarsa tana can, Auta. Babu ita a ko'ina sai can.

Na kira yayanki. Gaisuwa lafiya lau, ina cewa "babanku" sai ya ce wai ba ya ji na sosai. Wayarsa ta san sunan da take daina ji. Ke yana jin nauyinki. Ki neme shi yau, kada ki ce gobe.

Ki gaida maigidan da yaran. Tela ma tana gaishe ki, ta ce kin manta da ita tun da kika yi ƙiba.

Innarku.

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. An gode Allah da ƙafar ta saɓe. Wannan karon mai kemis ne ke rubutawa, tela ta ce in na fara kuka ita ma sai ta yi, ga ɗinkin mutane. Shi kuma sai auna ni yake yana cewa jinina ya hau. Na ce in naka mijin aka ce za a goge, kai ma zai hau. Ya ce shi ba shi da miji. Na ce rubuta dai.

Na ji saƙon yayanki. Wai a goge ɗin, mutumin da ya gwammace ya ba wuta kwali da ya ba ɗansa, ba abin da zai bar masa sai wani zagin. Haka tela ta karanta mini.

Na je ofishin su 'yar kwamfuta da kaina, duk da ina takaba. Bene ne, na hau ina hutawa. Ɗaki ɗaya ne mai sanyi kamar cikin firji, kowa ya toshe kunne yana kallon allonsa. Aka kai ni gaban ogansu. Na ce ban zo karɓar komai ba, ku kunna mini in ji kawai, ko tarinsa ne. Ku juya allon bango in kuna tsoron in saci kujera, da wane hannun zan sassaƙa? Ya ce akwai sharaɗin sirri, ba su da ikon buɗe wa kowa, su kansu ba sa kallo. In suka karya wa mamaci alkawari, masu rai ba za su ƙara ba su amana ba. Na durƙusa, Auta. Ni da na haifi kamarsa. Ya tashi da sauri ya ɗaga ni, ya ce abin da zai iya shi ne ya ɗan ƙara mana lokaci kaɗan, wai takardar ta yarda da wannan. 'Yar kwamfuta ta rako ni har ƙasa tana riƙe da hannuna, gilashinta duk ya yi hazo.

Na so in ji haushinsu, na kasa. Wanda zan ji haushi yana kwance inda ba a faɗa da shi.

Yanzu ki buɗe kunne, ki kai wa yayanki wannan yadda na faɗa. Kicin ɗina bango ɗaya ne da shago, kin sani, kuma akwai tagar nan da nake miƙa masa shayi. Duk abin da ya ɗauka a kunnena ya ɗauka. Ba da masu saye yake magana ba. Kullum da abu ɗaya yake farawa: "To, Taurin-kai, matso ka gani." Wa yake kira haka duk duniya in ba yayanki ba? Wani lokaci ya tsaya ya ƙwala mini kira, "Mai shayi, yau yajin aiki ake?" sannan ya koma ya ce, "Ka ji uwarka, sai ta ga dama." Zagi ne wannan?

Da na ce ya kira yaron ya faɗa masa baki da baki, sai ya ce ba shi zai fara ba. Ya ce in ya rasu za a kira yaron a ba shi. Ya tsara komai kamar kujerarsa, ba ƙusa, kowane katako ya riƙe ɗan'uwansa. Bai lissafa cewa ɗan nasa irinsa ne ba.

Ki roƙe shi. Ki ce ba don babansa ba, don ni. Ya sa hannu kawai ya tafi, ko bai kalla ba.

A gaida kowa. Mai kemis ya ce in gaya miki ba na shan maganin a kan lokaci. Ƙarya yake, wani lokacin ina sha.

Innarku.

Auta,

Ina gaishe ku, ina fatan kun tashi lafiya. Kada ki yi mamakin kyan rubutun, 'yar kwamfuta ce ke riƙe da biro.

An goge.

Da kanta ta zo ta faɗa mini, ta ce ba maganar waya ba ce. Ta kawo wata takarda mai shaida cewa ba su bar komai ba, wai wannan ma yana cikin sharaɗin babanku. Na karɓa na sa a ƙarƙashin gwangwanin gam. Ya samu abin da ya ce a yi masa, ko ƙwaya ba su rage ba.

Na san kin yi iya yinki. Na ji yayanki ya ce miki ni na ƙirƙiri zancen Taurin-kai don in sasanta shi da kabari. Amma tela ta ce ta ga motarsa a tsallaken titi ana saura kaɗan lokacin ya cika. Ya daɗe a ciki yana kallon ƙofar shago, bai kashe injin ba, sannan ya ja ya tafi. Da ta leƙo ta gaya mini, da na fita ko ba takalmi.

Tsoro nake ji, 'yata. Da safe na ɗora shayi, na zuba kofi biyu kamar kullum, na tsaya a tagar ina so in jiyo yadda yake cewa "Mai shayi". Kalmar ta zo, muryar ba ta zo ba. Tawa na ji. Ko wata uku bai yi da rasuwa ba fa. In murya ta tafi, maganar ma bin ta za ta yi, kaina ba na da ba ne.

Shi ne na tambayi wannan baiwar Allah, na ce duba mini takardar nan da kyau, akwai sunana a ciki? Ta duba ta ce babu. Na ce akwai inda aka ce matar kafinta ta goge abin da ta ji ta taga? Ta ce babu, Inna. To ni ban sa hannu a komai ba. Ban ma iya ba.

Ga kaɗan ki kai wa yayanki, ya san ba ƙirƙira nake ba. Babanku ya ce kada a yanka ƙafafun lilo sai katakon ya kwana biyu a ɗakin da za a haɗa shi, ya saba da iskar wurin. Ya ce ramin ya ɗan fi bakin katakon matsewa, a shigar da shi da tafin hannu, in aka ɗauko guduma an riga an yi kuskure. Ni ina na san waɗannan? Kuma akwai ranar da ya yi shiru har na leƙa ko faɗuwa ya yi. Sai na ji ya ce ya ga kujerar yayanki a gidan wani, ya zauna a kai da mai gidan ya shiga ciki. Abin da ya faɗa bayan wannan ba zan ba biro ba. Na mai shi ne, a kunnensa zan sa.

Ki ce wa yayanki ya zo ya zauna a shago, ni in tsaya a kicin, in faɗa masa ta tagar yadda na ji. Ba sai ya sa hannu ba. Amma ya yi sauri, ni ba wanda zai ƙara mini lokaci.

Ina gaida maigidanki da jikokina. Allah ya yi muku albarka.

Innarku.

Ta ce za ta rufe biro, na ce tsaya. Kada ki gaya wa kowa an goge tukuna, ko da mijinki ne. Yayanki za ki fara gaya wa.