Hanyar Dungu Da Ta Tsauni

Matameye, daren Laraba, watan Sha'aban

Jibi kwamanda, mai mulkin yankin nan, zai zo ya ga ko za a bar lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, ko a rufe. Na sa ɗalibaina su gina taswirar ƙasarmu da yumɓu, amma kowa ya ja gefe yana gina garinsu shi kaɗai.

Da la'asar na ji Idi ɗan garin Dungu, wanda tun damina ba ya kula Sale ɗan garin Tsauni, yana ce masa, "Kai, hanyata ta ƙare. Ina taka take?" Sale ya sa yatsa ya jawo tasa har suka haɗu.

Yanzu in na rufe ido sai in gan ni ƙanƙane, ina tafe a kan hanyar nan tasu, yumɓun da sanyi a ƙafata.