Usaini da Maigidansa a Nguru

Gashua, Jihar Yobe.

Yaya Mahfuz,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rahima da yara. Allah Ya sa albarka a nemanka a can Fatakwal. Mu nan lafiya lau. Ƙafar mahaifiyarmu Dada ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ta yi alwala da kanta, kuma geron gonarmu ta Yusufari ya fi na bara kyau.

Maganar ƙanenmu Usaini ce ta sa na rubuto. Dada ta ce ya kira ka yana roƙon ka nema masa abin yi a wurinka, wai ba zai iya ci gaba da koyon gyaran injin ban-ruwa a hannun Baba Dunoma ba. Na ga abin ya fi ƙarfin waya, sai na shiga mota ran Asabar zuwa Nguru. Bayan gaisuwa na zauna a bencin rumfarsu da sunan hutawa, ina kallo. Usaini ya gama haɗa wani inji, sai dattijon ya zo ya tsuguna, bai ce uffan ba, ya kwance shi, ya sake haɗawa a hankali, ya koma kan aikinsa. Shi kuwa Usaini yana tsaye kai a sunkuye, bai ma dubi hannun mutumin ba.

Da na ja shi gefe, ya ce kullum haka ake yi masa, ba a faɗa masa inda ya kuskure, ba a ce ya yi daidai, shi ya tabbata mutumin ba ya son sa. Na tambaye shi ko ya taɓa neman bayani. Ya ce ina shi ina tambayar sa'an mahaifinsa, kuma tun a makaranta ya ga duk wanda ya ɗaga hannu dariya ake yi masa.

Bayan azahar na samu Baba Dunoma shi kaɗai. Hausarsa da nauyin Barbarci, kuma ba mai yawan magana ba ne, amma ya buɗe mini cikinsa. Ya ce wanda ya koya masa sana'ar yakan zage shi a gaban masu kawo gyara, shi ya sa ya yi wa kansa alkawarin ba zai taɓa kunyata ɗan wani da baki ba, sai dai ya nuna da hannu. Abin da ke ci masa rai, in ji shi, yaron ba ya kallo kuma ba ya tambaya, har ya ɗauka raini ne na wanda ya yi boko. Yaya, tausayinsu ya kama ni. Kowa yana girmama ɗan'uwansa da shiru, kowa yana jin an wulaƙanta shi.

Na haɗa su na maimaita wa kowa abin da ɗayan ya faɗa. Ba zan ce komai ya gyaru ba, don sun rabu kowa fuskarsa a ɗaure. Amma shekaranjiya Usaini ya kira ni. Wani manomi daga Karasuwa ya kawo injin da ya ƙi jan ruwa, sai Usaini ya daure ya tambayi Baba Dunoma dalili. Dattijon ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi ta bayani har manomin ya fara ƙorafin motarsa za ta tashi. Don haka ina roƙon ka dakata da nema masa wuri har ƙarshen noman rani. Idan a lokacin yana nan kan bakansa, ni da kaina zan raka shi tasha.

Ni ma abin ya taɓa ni. Da na koma ajin da nake koyarwa na tambayi yara ko sun gane, suka amsa gaba ɗaya sun gane, kamar kullum. Wannan karon ban juya ga allo ba. Na tsaya ina jira, har wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannunta rabi.

Ka gaida Rahima, da Zakir da ƙaramar Yagana. Dada tana sa muku albarka, Abbo da Fanne ma suna gaisuwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Juwairiyya