Kun Haɗa Ni Tebur Ɗaya da Surukina

Zuwa ga Mai Girma Manajan jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Alƙahira zuwa Luksor, a ofishinsa na unguwar Mohandessin.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, iyali lafiya, jirgi ma lafiya. Da Hausa na rubuto, domin idan raina ya ɓaci Larabcina guduwa yake yi ya bar ni da "tamam" da "ma'alish", su kuwa ba za su iya ɗaukar wannan magana ba. Ɗalibanmu sun cika gari, ka sa ɗaya ya fassara maka, amma ka zaɓi wanda ba shi da saurin dariya.

Sunana Habibu, ina aiki a wani ofishin jakadanci a unguwar Zamalek, nan Alƙahira. Surukina, mahaifin maiɗakina Hajara, wanda muke kira Baba Alhaji, ya zo daga Funtuwa aka yi masa aikin yanar ido, Allah kuma ya ba da sa'a. Na ce bari in kai shi ya ga Kogin Nilu da sabon idonsa. Na biya mana mu uku, babu ragi babu roƙo. Ga abin da na tarar.

Na farko, batun tebur. Tun ranar shiga aka nuna mana tebur ɗaya, aka ce namu ne safe, rana da dare har a sauka. Ranka ya daɗe, a wurinmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Tun da na auri Hajara, Baba Alhaji bai taɓa ganin bakina yana motsi da abinci ba. Ko goro nake ci, in na hango shi haɗiyewa nake yi. Shekara da shekaru na yi ina tara wannan mutunci. Na roƙi a ba ni wani tebur, aka ce tsari ne, iyali wuri ɗaya suke zama. Ƙin zuwa teburin kuma raini ne ga dattijo. Haka na riƙa zama ina kallon kofin ruwa, ga kifi, ga gasasshen niƙaƙƙen naman nan naku kofta, ga molohiyarku da mu ayoyo muke ce mata, ga tattabarun nan da kuke cusa wa shinkafa suna wucewa ta gaban hancina. Baba shayi kawai yake kurɓa, na ɗauka umarnin likita ne. Hajara kuwa, tsakanin ubanta da mijinta, ci take yi hankali kwance, har da ƙari.

Na biyu, hidimarku ta yi yawa. Ma'aikacin da ke kula da teburinmu, Ashraf, mutumin kirki ne, kirkin nasa ne ya kashe ni. Da ya ga farantina wayam sai ya cika shi da kansa. Da ya ga ban taɓa ba sai ya kira kuku. Kuku ya fito da doguwar hularsa, ya dafa ƙirji, yana tambaya me ya yi mini. Washegari suka yanke shawara a junansu cewa baƙin ciki ke damuna, suka fito da ganga da tafi da kek, suka ɗaura mini adiko a ka, suna yalla yalla, wato maza maza, sai na taka rawa. A gaban Baba Alhaji! Wallahi na so jirgin ya ɗan nutse, ko da ta gefena kawai.

Na uku, dokar hana fita da abinci. Hajara ta tausaya mini ta ƙulle dafaffen ƙwai a bakin mayafinta, aka tare ta a ƙofa aka karɓe. Da biskit da ruwan gora na rayu. Ranar da aka sauke mu ganin gine-ginen Fir'auna, mai bayani yana nuna sarakuna a jikin bango, ni burodin da aka zana a gabansu kawai nake gani.

Na huɗu, bakshish, wato tukwicin da kowane hannu a jirginku yake jira. Na damƙa wa Ashraf nasa don ya ƙyale ni, shi kuwa ya ɗauka godiya ce, ya ninka hidima. Da yunwa ta kai mini ko'ina na tare shi a lungu, na ƙara masa mai kauri, na yi masa bayani da hannu da ragowar Larabcina cewa wurin da babu mai ganina nake so. Ya nuna idonsa, alamar alkawari a wurinku, ya ce halas, an gama.

Bayan la'asar ya ja ni zuwa wani sito a bayan kicin, ya zaunar da ni a kan buhun albasa, ya dire mini tiren tattabaru. Na naɗe hannun riga, na yi bisimilla, na kama aiki. Maiƙo ya kai mini gwiwar hannu, cinya tana bakina, sai ƙofa ta buɗe. Ashraf ne, da wani tiren, yana yi wa wani baƙo iso cikin ladabi. Baba Alhaji!

Ashe ba likita ba ne ya hana shi ci. Shi ma kunyata yake ji, shi ma yunwar ta ci ƙarfinsa, shi ma ya zaro nasa bakshish ɗin daga aljihun babbar riga ya nemi wurin da babu mai ganinsa. Ma'aikacinku ya karɓa hannu biyu, ya sayar mana da maɓoya ɗaya. Idon nan da na yi ta zarya asibiti a kansa, abin da ya fara gani tangaran shi ne ni da ƙafar tattabara a baki. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa kamar yadda na saba da goro, ƙashi ya tsaya mini a wuya. Baba ne ya ajiye sandarsa ya riƙa dukan bayana har ya fito. Daga nan ya zauna a kan buhun dankali, ya ce in miƙo masa barkono. Ashraf kuma, don ƙarfin hali, da muka fito ya sake miƙo hannu.

Ga ɓarnar da kuka yi. Tun da muka dawo gida Baba ba ya cin abinci sai an kira ni. Ya buga waya Funtuwa ya sanar da dangi cewa ashe Habibu akwai ci. Hajara ta sa mini suna Na-Kan-Albasa, yaranmu sun ɗauka.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan. Wajen sayar da tikiti a riƙa tambaya ko akwai suruki a tafiyar, in akwai a raba tebur, ko a sa labule. A koya wa ma'aikata cewa wani bakshish ɗin na "matso" ne, wani na "tafi ka ba ni wuri". In mutum biyu suka biya kuɗin ɓuya, a nemi sito biyu. Kada a kori Ashraf, yana da iyali, amma a karɓe gangar.

Na so in nemi ku biya ni mutuncina, sai dai ban san yadda zan rubuta wannan ba. Jiya muna cin tuwo Baba ya turo tsokar da ta fi girma gabana ya ce, "Ci, ɗana." Tun da nake da shi bai taɓa kirana haka ba. Na ci, ina jin haushinku, idona kuma yana kawo ruwa, babu ko albasa a kusa. Don haka a madadin diyya, a sa kuku ya rubuto wa Hajara yadda ake cusa tattabarun nan, domin Baba ya rantse ba zai koma Funtuwa ba sai mun sake ci, ni da shi.

Allah ya tsare jirginku, ya ƙara kasuwa, ya raba ka da haɗuwa da surukinka a bayan kicin.

Wassalam.

Habibu, mijin Hajara,
Alƙahira.